Daga Filin Idi zuwa lungunan Koki: ina rodin rusau ya tafi?

A watan Yunin 2023, da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi da ginin Otal ɗin Daula, hankali ya tafi ga siyasa, daga baya kuma ga diyyar naira biliyan 30 da Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya ƴan kasuwa. Amma kowa ya ga matasa suna fasa kankare suna zare rodi. Wannan ƙarfe da baraguzansa kasuwa suka nufa, kuma mai saye shi ne mai ƙaramin ƙarfi, irin mazaunin Koki da ke rushe gidan ƙasa na gado don ɗora bene a kan ɗan fili.

Sake amfani da tsohon kankare ba laifi ba ne. A Turai ana niƙa shi a mayar tsakuwa, sai dai ana gwada shi, ana kuma iyakance adadin da zai shiga kwaɓi. Dalili kuwa, tsohon siminti da ke manne da tsakuwar yana shan ruwa kamar soso. A ƙasashen sanyi ruwan yakan daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya narke, ya sake daskarewa, har kankaren ya saki rodin da ya riƙe.

Kano ba ta ƙanƙara, amma ɓarawon ta ƙofa ɗaya yake shiga. Damina ta jiƙa ginshiƙi, rani ya busar da shi, iska da laima su kai ga ƙarfe. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan tsaga kankaren daga ciki. Rodin da aka lanƙwasa aka miƙar da guduma kuwa ya riga ya gaji, zanen jikinsa da ke kama siminti ya side. Filasta da fenti su rufe sauran.

A Koki, inda katanga ke jingine da katanga, bene ba ya faɗuwa shi kaɗai. Ko a titin Beirut, da bene mai hawa uku ya rufta a Agustan 2022, akwai hanyar da motar ceto za ta bi. Lungun cikin gari sai baro. Hukumar KNUPDA na duba zanen gini kafin ta sa hannu, amma zane ba ya faɗin inda aka sayo rodi. Ranar zuba dakin ya kamata jami'inta ya tsaya a wurin.