Kafin A Hura Wuta, A San Inda Za A Zuba Toka

Duk wanda ya zauna Madarunfa ko Maraɗi a watan Agusta na 2023 bai manta da duhun da aka sha ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mai niƙa ya kashe injinsa, mai ƙanƙara ya zubar da jarinsa a ƙasa, ma'aikaci ya koma rubuta takardun ofis da hannu. A wancan lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga maƙwabta take zuwa, alhali mutum ɗaya ne kacal cikin biyar yake da lantarki a gidansa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutane da dama suka yi murna sa'ad da aka sanya hannu kan takardar fahimta da kamfanin Rosatom na Rasha a Yamai cikin Yuli na 2025, sannan a Satumba ministan ma'adinai ya bayyana a Mosko cewa Nijar tana son gina tukwanen nukiliya guda biyu. Ƙasar da ta share fiye da shekara 50 tana haskaka biranen Faransa da uraniyom ɗinta ai ta cancanci ta haskaka nata.

Burin yana da kyau, amma akwai tambayar da ta kamata a amsa tun kafin a aza tubalin farko: ina za a kai tokar?

Tokar tashar nukiliya ba irin ta murhu ba ce. Uraniyom ana zuba shi cikin dogayen sandunan ƙarfe, a jera su cikin tukunyar tashar, su yi shekara 4 zuwa 5 suna ba da zafin da ke juya injin. Idan ƙarfinsu ya ragu sai a fitar da su, amma suna fitowa ne da zafi da wani tiriri mai guba wanda ido ba ya gani, wanda zai kashe mutum in ya tsaya kusa da su babu kariya. Dole a nutsar da su cikin tafkin siminti mai zurfin kusan mita 12, ruwa yana zagayawa dare da rana, su yi shekaru kafin a iya mayar da su cikin wasu manyan randuna na ƙarfe da siminti, kowace ɗaya ta haura tan 100. Tukunya ɗaya mai ƙarfin megawat 1,000 tana fitar da wajen tan 20 na wannan toka a kowace shekara, kuma a cikinta akwai sinadarin da sai ya yi shekara 24,000 kafin rabin gubarsa ya gushe.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tashar nukiliya ɗaya tak da ke aiki a nahiyar Afirka ita ce ta Koeberg, kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, wadda Faransawa suka gina, ta fara ba da wuta a 1984. Tafkunanta sun soma cika, sai aka sake jera sandunan a matse don a sami wuri. Wurin ya sake ƙarewa, sai kamfanin Eskom ya sayo randuna daga kamfanin Holtec na Amurka, ya nemi izinin buɗe sabon filin ajiya a harabar tashar, wanda aka laƙaba wa sunan na wucin gadi. A 2024 aka ƙara wa tukunyar farko wa'adin shekara 20, wato tokar za ta ci gaba da taruwa har 2044. Jujin Vaalputs da ke hamadar ƙasar ƙananan tarkace kaɗai yake karɓa. Sandunan kuwa shekara 40 ke nan suna bakin teku, inda aka haife su.

Kada a ce talauci ne ya jawo haka. Amurka ta zaɓi dutsen Yucca a 1987 domin ya zama makwancin tokarta na dindindin, mutanen jihar Nevada suka ce ba su yarda ba, aikin ya tsaya. Sakamakon haka kusan tan 90,000 na jibge a harabar tashoshi, kuma baitulmali ya biya kamfanonin wuta diyyar fiye da dala biliyan 10, domin gwamnati ta saɓa alkawarin fara kwashe tokar a 1998. Finlanda, wadda ta fi kowa nisa a wannan fage, majalisarta ta amince da wuri tun 2001, aka fara haƙa a 2004, aka nutsa fiye da mita 400 cikin dutse, aikin da ya ci fiye da shekara 20. Darasin a fili yake: ajiyar da aka ce ta wucin gadi ita ce ke zama gado, faɗaɗa ta kuwa kuɗi ne da ake ɗora wa mai biyan kuɗin wuta da mai biyan haraji.

Wasu za su ce ai Rasha tana kwashe tokarta ta mayar gida. Wani lokaci haka ne. Ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Iran a 2005 game da tashar Bushehr. Amma a Masar, inda Rosatom ke gina tukwane huɗu a El Dabaa, kwangilar 2017 ta tanadi a gina ma'ajiya a kawo randuna, tokar ta zauna a ƙasar Masar. Ashe dai ba alheri ba ne da ke zuwa da kansa, sharaɗi ne da ake rubutawa, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ba a faɗa ba wajen ciniki ba a nemansa bayan an sallama.

Ba sai an je nesa ba ma, domin Nijar tana da nata bashin da ba a biya ba. Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akokan ranar 31 ga Maris na 2021, bayan ya fitar da wajen tan 75,000 na uraniyom tun 1978, ya bar dutsen dusar ma'adini na kusan tan miliyan 20 a kan hekta 120, dab da gidajen jama'a. Shirin da aka gabatar shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. Tun 2003 ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit da masu binciken CRIIRAD na Faransa suka gano tarkacen ƙarfe masu tiriri ana sayar da su a kasuwa. Wannan dusa ba ta kama ƙafar tokar tasha ba wajen haɗari. Wanda kayan jaki suka gagara, yaya zai yi da na raƙumi?

Mutumin Madarunfa na iya cewa Arlit da nisa, tashar ma ba a bakin tafkinsu za a gina ta ba. To amma masu noman rani a Gulbin Maraɗi sun san yadda shawarar da aka yanke ba da su ba, wato madatsar Jibiya, ta taɓa ruwan da ke isowa gonakinsu. Bashin tasha da kuɗin gadin toka za su biyo takardar NIGELEC, su biyo kuɗin kwastan a Ɗan Isa, su biyo albashin malamin makaranta, har kan jikokin da ba a haifa ba.

Don haka haƙƙin ƴan ƙasa ne su nemi abubuwa huɗu daga mahukunta. Na farko, a buga duk wata yarjejeniya a fili, da Faransanci da harsunan ƙasa, a ga wanda tokar za ta zama tasa. Na biyu, a kafa asusu na musamman irin na Finlanda tun daga ranar da aka sayar da wutar farko, wanda babu gwamnatin da za ta iya taɓa shi don biyan albashi. Na uku, a ba hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya ƴanci da ma'aikata da kuɗi, ta yadda za ta iya ce wa minista a'a. Na huɗu, a rubuta ƙarara cewa ma'ajiyar ba za ta karɓi tokar wata ƙasa ba, bisa yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda aka ƙulla bayan an jibge wa garin Koko na Najeriya gangunan guba daga Italiya a 1988.

Kafin duk wannan, a gama da dutsen Akokan, a auna ruwa da iskar Arlit, a sanar da jama'a sakamakon. Ranar da aka ga haka, masu kiran a gina tasha za su sami abin nunawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.