Mawaƙan Njamena, Ku Riƙe Haƙƙin Waƙoƙinku

Tun shekarar 2003 ƙasar Chadi take da dokar kare haƙƙin masu fasaha, ga kuma hukumar BUTDRA a Njamena da aka ɗora wa alhakin karɓar kuɗin waƙoƙi ta raba wa masu su. Sai dai doka ba ta ƙwato wa mutum abin da ya sa hannu ya bayar da kansa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ya kwana yana tsara baiti da kari, gari na wayewa mai situdiyo ya miƙa masa takarda da Faransanci, ya danƙa masa 'yan jikkunan sefa, shi ke nan waƙa ta zama ta wani. Haƙƙi biyu ne a waƙa: na baiti da kari, da na sautin da aka naɗa. Na biyun ana iya ba da aronsa na 'yan shekaru, a rubuta ranar ƙarewa. Na farkon kuwa gado ne, domin yana aiki shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Mawaƙa, ku yi wa waƙoƙinku rajista, kuma kada ku sa hannu sai wani amintacce ya karanta muku takardar layi-layi.