Amfilifaya Mai Bawul Ba Ta Kowane Mai Jari Ba Ce

Duk ɗan kasuwar da ke shigo da kayan kiɗa ko yake bayar da hayarsu a Legas, Abuja ko Fatakwal ya san irin takaddamar da kan taso idan makaɗin jitar lantarki ya nace cewa ba zai hau dandali ba sai an tanadar masa amfilifaya mai bawul. Mai kayan zai ce duk ƙarar ɗaya ce, makaɗin kuwa zai ce sam ba ɗaya ba ce. A wannan gardama makaɗin ne ke da gaskiya ta fuskar sauti, amma hakan bai wajabta wa mai jari ya zuba kuɗinsa a kan wannan na'ura ba tare da ya yi lissafi ba.

Bawul wata 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka kuma sanya mata waya mai zafi da farantan ƙarfe, ta yadda ƙaramin motsin lantarki da ya shiga zai fito da ƙarfi. Tsofaffin akwatunan rediyo da talabijin da ita suke aiki. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata abin da ya sa take iya ƙara ƙarfin sauti a 1906. Bayan da aka ƙirƙiro taransista a 1947, wadda ba ta zafi sosai, ba ta fashewa, ga ta kuma da araha, sai masana'antu suka yi ta juya wa bawul baya, har kamfanin RCA ya rufe masana'antarsa ta Harrison a jihar New Jersey a 1976. Makaɗan jita suna cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi saki.

Dalilinsu yana cikin abin da injiniyoyi suka ɗauka aibi ne. Idan aka matsa wa taransista fiye da ƙarfinta, takan datse sautin farat ɗaya, ya fito da kaushi kamar ana kekketa kwano. Bawul kuwa sannu a hankali take lanƙwasa shi, tana ƙara masa wasu muryoyi da suka dace da na asali, sai kunne ya ji sautin ya yi kauri da ɗumi. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga makaɗi shi ne yadda na'urar ke amsa hannunsa. In ya taɓa tsirkiya a hankali, sautin zai fito garau; in ya doka da ƙarfi, sai ya yi gurnani, ba tare da ya murɗa ko maɓalli ɗaya ba. A wasu ƙirar ma akwai ɗan jinkiri da na'urar kan yi yayin da wutar cikinta ta ja baya kafin ta farfaɗo, wanda ke sa sautin ya daɗe yana rera kansa. Mai sauraro da ke bayan zaure ba lalle ne ya lura ba. Mai riƙe da jitar yana jin abin a yatsunsa, kuma hakan na sauya yadda yake kaɗawa.

A kan wannan ne aka gina kasuwa mai tsada. Sabuwar Fender Twin Reverb ta kai kimanin dalar Amurka 2,000, waɗanda ƙananan kamfanoni ke haɗawa da hannu kuwa sukan kama daga dala 3,000 zuwa 5,000 ko fiye. Marigayi Alexander Dumble na Kalifoniya, wanda ya rasu a watan Janairu na 2022, bai ƙera fiye da kimanin 300 ba a duk rayuwarsa, ga makaɗa irin su Carlos Santana da Robben Ford, kuma an sha sayar da guda ɗaya a kan fiye da dala 100,000. Wannan farashi ba na sauti ba ne kawai, na ƙarancin kaya ne da sunan maƙeri, kamar yadda ake sayen zanen hannu. Ɗan kasuwar da ya ji waɗannan alƙaluma ya zaci duk amfilifaya mai bawul kadara ce mai hauhawa, ya yi kuskure. Mafi yawansu darajarsu sauka take yi da zarar an fitar da su daga kwali.

Babban haɗarin yana wajen kayan gyara. Bawul tana tsufa kamar ƙwan lantarki, kuma manyan da ke ɗaukar nauyin ƙarar sukan buƙaci canji bayan shekara ɗaya ko biyu idan ana aiki da su kullum. Twin Reverb guda ɗaya tana ɗauke da bawul 10. To, zuwa shekarun baya-bayan nan, kusan duk bawul ɗin jita da ake sayarwa a duniya daga wurare uku suke fitowa: masana'antar Shuguang a birnin Changsha na ƙasar Sin, kamfanin JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya, da wata masana'anta a birnin Saratov na Rasha, wadda Ba'amurke Mike Matthews ya saya a ƙarshen shekarun 1990, kuma daga cikinta ake fitar da masu sunan Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol. Shuguang ta dakatar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta hana fitar da kayayyaki fiye da 200, aka kuma sanar cewa bawul na ciki. Cikin 'yan kwanaki shaguna a Amurka da Turai suka ƙare kayansu, farashi ya yi sama. An warware batun hanin ba da daɗewa ba, amma sai ƙarin harajin shigo da kayan Rasha ya biyo baya. Kamfanin Western Electric da ke jihar Jojiya a Amurka ya bayyana aniyar shiga ƙera bawul ɗin jita a wannan shekarar, wasu kamfanonin Sin kamar Psvane ma sun faɗaɗa aikinsu, sai dai har yanzu ana iya ƙirga masu ƙera wannan kaya da yatsun hannu.

Idan mai shago a Landan ya ji jiki, ɗan kasuwar Nijeriya ya fi shi, domin shi a ƙarshen layi yake, kuma da dala yake saye. Daga watan Yuni na 2023 da aka saki naira, canjin dala ya tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Ga kuma batun wuta. Na'urar da aka yi don kasuwar Amurka da bolt 120 take aiki, a Nijeriya kuwa 230 ne, saboda haka sai an haɗa ta da taransifoma. A cikinta wutar takan haura bolt 400, kuma hawa da saukar wutar janareto na rage kwanan bawul. Yaron shago da ya kunna ta ba tare da ya jona lasifika ba yana iya ƙona taransifomar da ke fitar da sauti, wadda ke cikin sassanta mafi tsada. Nauyinta ma abin dubawa ne: Twin Reverb ta kusa kilo 30, ga gilashi a ciki, ga hanyoyi masu ramuka.

A ɗaya ɓangaren, na'urorin da ke kwaikwayon sautin bawul da kwamfuta sun yi nisa tun bayan fitowar Line 6 POD a 1998 da Kemper na Jamus a 2011. Ƙungiyar Metallica, wadda ba ta rasa kuɗin sayen kowace irin amfilifaya ba, ta koma amfani da irin waɗannan na'urori a rangadinta saboda sauƙin ɗauka da tabbacin cewa sautin daren jiya shi ne na yau. Fender da kansa ya fitar da Tone Master a 2019, mai kama da Twin Reverb a ido, amma nauyinta kusan rabi. Ga mai bayar da haya a bukukuwan aure da tarurrukan siyasa da majami'u, inda za a ɗauki sautin a watsa ta manyan lasifikoki, wannan ita ce hanyar da kuɗinsa zai dawo. Ya kamata kuma a tuna cewa kiɗan jitar Abzinawa na yankin Agadez, wanda ya kai Bombino da Mdou Moctar manyan dandalin duniya, a wuraren biki ya girma da ƙananan amfilifayoyi da janareto. Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Inda amfilifaya mai bawul ke biyan kuɗinta shi ne situdiyo. A nan ba a jijjiga ta a mota, ana iya daidaita mata wuta, ana kuma iya buɗe ta yadda ya kamata, domin irin wannan na'ura ba ta nuna kyanta sai an ɗaga ƙararta. Ƙarama mai wat 15 ko 20 ta wadatar, kuma samuwarta na iya jawo makaɗan da za su biya ƙarin kuɗin awa.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika dubawa ba. Jim Marshall mai shagon kayan kiɗa ne a yammacin Landan, kuma a 1962, ganin yadda Fender Bassman ta Amurka ta yi wa makaɗan Ingila tsada, ya sa masu aikinsa suka kwaikwayi tsarinta da kayan da ake samu a gida, aka fitar da JTM45. Babu wanda zai ce a kafa masana'antar bawul a Nijeriya, kasuwar ba ta kai ba. Amma tsarin wayoyin waɗannan tsofaffin na'urori a buɗe yake, bai fi ƙarfin ƙwararren mai gyaran rediyo ba, kuma a kasuwar Alaba da Aba akwai masu naɗa taransifoma da hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya iya daidaita wutar sabuwar bawul bayan an canza ta, ya kuma san yadda ake sauke wutar da ke maƙalewa a cikin na'urar bayan an kashe ta, wadda ke iya halaka mutum. Ɗan kasuwar da ya horar da matasa biyu a wannan aiki, ya ajiye 'yan kwalayen 12AX7 da 6L6 da EL34 a shago, jarinsa bai kai kuɗin amfilifaya biyu ba, kuma duk wanda ya riga ya sayi tasa zai nemo shi.