Ina Ungulayen Kwata Suka Tafi?

Ranar Talata na bi ta kwata sayen nama, na ɗaga kai sama, babu ungulu ko ɗaya. Na tambayi wani matashin mahauci, sai ya ce, "Baba, ai mun huta da ƙazanta." Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau.

Duk wanda ya haura arba'in ya san yadda ungulaye kan yi layi a katangar mayanka, wuya a tanƙwashe, suna jiran a watsar da abin da ba a ci. Jaki ya mutu a bayan gari da hantsi, kafin la'asar sai ƙashi.

Haka Allah ya tsara abin. Ciyawa ta sha hasken rana, saniya ta ci ciyawa, mu mu ci saniya. Masana sun ce a kowane mataki kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ne kawai ke wucewa gaba, saura ya tafi a numfashi da yawo da ɗumin jiki. Shi ya sa masu cin nama ba sa taɓa kai masu cin ciyawa yawa. Abin da ya rage a jikin mushe kuwa, dole wani ya ci shi. In ka kori ungulu, mushen yana nan. Mai cin ne ya sauya.

Ku tambayi Indiya. A shekarun 1990 makiyaya suka rungumi maganin diklofenak suna yi wa shanu allura. Yawancin mutanen ƙasar ba sa cin naman shanu, saniya ta mutu sai a bar wa ungulu. Ungulun da ta ci mushen da ke ɗauke da maganin, sai ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare. Sai a 2004 aka gano musabbabin, a 2006 aka haramta bai wa dabbobi maganin. Kafin nan karnukan titi sun gaji mushen, sun hayayyafa, ciwon haukan kare ya bazu, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Cikin ungulu yana kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa kare har gida yake kawo su.

Mu namu ya fi muni, domin da gangan muke yi. A barbaɗa guba a kan nama, a kwashe gawarwakin, a kai wa boka kan ungulu wai don farin jini ko cin zaɓe. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take yi a shekara! Tun 2015 aka sa ungulun kwata a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ga 'yan gawayi sun sare rimi da maɗacin da take sheƙa a kai.

Wani zai ce ana fama da tsadar masara, wa ke ta tsuntsu? Kuɗin allurar cizon kare daga aljihun talakan nan zai fito.

Kashe ungulu don boka shirka ce haɗe da ɓarna, kuma malamai su faɗe ta a kan mumbari. Sarakunan pawa su hana zuba guba a mayankarsu. Jami'an muhalli kuma su shiga kasuwa, kawunan a baje suke a kan tabarma, ba a ɓoye ba.