An Ɗaga Makin Shiga Jami'a, Wa Ya Ɗaga Makarantun?



A 2025 hukumar JAMB da shugabannin jami'o'i suka ɗaga mafi ƙarancin makin shiga jami'a daga 140 zuwa 150. Wasu na ta tafi, wai an kama hanyar gyara ilimi. Mu dai ba mu tafa ba. A shekarar, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zana jarrabawar, fiye da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wannan sakamakon makarantun da suka yaye su ne.

Kuma 150 ɗin a takarda kawai take. Mai neman karatun likita a jami'ar gwamnati ya san ko 200 ba ta kai shi bakin ƙofa. Ga kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ga tantancewar Post-UTME da aka shigo da ita a 2005. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake zana JAMB. Ɗan mai hali ya yi watanni yana lesin. Ɗan ƙauye ya gama sakandare babu malamin Lissafi, ranar jarrabawa ya fara taɓa kwamfuta. An sa shi fafe gora ranar tafiya, sannan a ce shi ne daƙiƙi.

Za a ce so muke a buɗe ƙofa kowa ya shige. A'a. Babu mai son likitan da bai ƙware ba ya duba mahaifiyarsa. Amma a faɗi gaskiya: gurabe ne suka yi kaɗan, sai aka mai da maki rariya, rariyar kuma aljihu take tacewa. Wanda ta zubar, in ubansa na da kuɗi, gobe yana jami'ar kuɗi. In ana son inganci, a fara daga firamare da sakandare, a ƙara gurabe.

Mu ma da laifinmu. Da yawanmu sau biyu, sau uku muka zana kafin muka haƙura muka yi difloma. Amma buɗe littattafanmu: jarumi likita ne, daga Landan ya dawo. Ina labarin yarinyar da ta ci 190, aka ce ta jira baɗi, kafin baɗin aka ɗaura mata aure? In mu da muka ɗanɗana ba mu rubuta ba, wa zai rubuta?

Allah Ya sa mu dace.