Ranar da ɗana ya ƙi yin salla yana kallon yamma



Da na je sallamar Baffana na shaida masa cewa zan ɗebi iyali mu tafi Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, a dogon hutun makaranta na shekarar 2024, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Karatu ne ko neman magani?" Na ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya, Baffa, buɗe ido ne kawai." Ya girgiza kai ya ce ai kuɗin nan da Umra muka yi da su da ya fi. Ban ja da shi ba, domin ba a jayayya da Baffa, amma maganar ta bi ni har cikin jirgi. Na kuma san da yawa daga cikinku ra'ayinsu ke nan, cewa duk tafiyar da ba ta ibada, ilimi, fatauci ko jinya ba ce, almubazzaranci ce. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ya faru ne tun daren farko, kafin mu ga komai na birnin.

Mun sauka a gajiye, ga bambancin sa'o'i 7 tsakaninsu da Najeriya, ga sallolin da muka jinkirta a hanya. Da muka shiga masauki na ɗaga kai na ga wata 'yar kibiya a jikin silin, an rubuta "Kiblat". Na shimfiɗa dadduma na bi kibiyar. Babban ɗana, mai shekara 11, wanda ya fi ni iya sarrafa waya, ya duba na'urar nuna kusurwoyi da ke ciki ya ce: "Abba, tsaya, ba gabas kake kallo ba. Yamma ce wannan." Na ce masa haka ne, kuma nan ce alƙibla. Ya ƙeƙashe ƙasa ya ce shi Malam ya ce musu gabas ake kallo, kuma ba zai yi sallar da ba za a karɓa ba. Sai da mahaifiyarsa ta buɗe masa taswirar duniya, ta ɗora yatsa ɗaya a kan Kano, ɗaya a kan Kuala Lumpur, ta nuna masa Makka a tsakiya, sannan jikinsa ya yi sanyi.

Ku yi wa yaron nan adalci, ba shi da laifi. Harshenmu ne ya haɗe abubuwa biyu suka zama ɗaya. Muna cewa "ya dubi gabas" muna nufin ya tayar da salla, muna cewa a kwantar da mamaci yana kallon gabas, har muka manta cewa gabas hanya ce kawai, Ka'aba ce abin nufi. Wanda ke Malesiya yamma yake kallo da ɗan karkata zuwa arewa, kuma da mu da shi wuri guda muke fuskanta. Na daɗe da sanin haka a takarda, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da na tsaya na ba gabas baya na ɗaga hannu na yi kabbara. To abubuwa nawa ne a rayuwarmu muka mayar da su irin wannan gabas ɗin, al'adar garinmu ce amma muna rantsuwa ita ce addinin, muna kallon wanda ya saɓa mata a matsayin ɓatacce?

Da asuba muka sami darasi na biyu. Ita kanta asubar sai wajen ƙarfe 6 take shiga a can, azahar kuma bayan ƙarfe 1. A wani ƙaramin masallaci kusa da masaukinmu liman ya bayyana basmala kafin Fatiha, a raka'a ta biyu kuma bayan ya ɗago daga ruku'u ya ɗaga hannu ya yi ƙunuti a bayyane, jama'a na amsawa da amin. Mu da muka tashi a Malikiyya mun saba da ƙunuti a asirce kafin ruku'u. Yaron ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu a cikin sahu. Bayan sallama na yi masa bayanin cewa mutanen ƙasar Shafi'iyya suke bi, kuma Imamu Shafi'i ɗalibin Imamu Malik ne, a Madina ya zauna gabansa ya ɗauki Muwaɗɗa. Ya ce, "To ashe ɗalibi yana saɓa wa malaminsa kuma ba a yi faɗa ba?" Tambayar nan da ma a ce an yi wa wasunmu da ke kwana suna kafirta juna a intanet a kan ƙabalu da sadalu.

Dogayen gine-gine kuwa mun gan su, kamar kowa. Tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 da tsayin mita 452, waɗanda suka riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, mun hau gadar da ta haɗa su mun ɗauki hotuna. Mun hango Merdeka 118, wanda a yanzu Burj Khalifa na Dubai ne kaɗai ya fi shi tsawo. Yara sun yi murna, ni kuwa wuyana ne ya yi ciwo. Na fi jin daɗin zama a harabar Masjid Jamek, tsohon masallacin da aka buɗe a 1909 a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, wato wurin da birnin ya samo sunansa, domin ma'anar Kuala Lumpur ita ce mahaɗar ruwa mai laka.

Abin da ya tsaya wa uwargida a rai wani abu ne ƙarami da suke kira surau. Ɗakin salla ne da muka riƙa tararwa a manyan kantuna, da filin jirgi, da wuraren hutawar matafiya a kan babbar hanya, da gefen maza da gefen mata, da famfunan alwala, har da fararen hijaban salla da suke kira telekung a rataye don wadda take bukata. Ta ce da ni: "Baban yara, ka san sau nawa na haɗa azahar da la'asar da magariba a gida saboda kasuwa ta riƙe ni, babu inda mace za ta yi alwala cikin sutura?" Na rasa amsa. Muna gina masallatai uku a layi ɗaya saboda saɓanin ƙungiya, amma matanmu da ke cika kasuwanni ba mu cika tuna cewa su ma salla ta hau kansu ba. Wannan ba sha'anin arzikin ƙasa ba ne, ɗaki ɗaya ne da famfo biyu.

Kada wani ya ɗauka aljannar duniya nake siffantawa. A unguwar Bukit Bintang da dare mun ga mashaya a buɗe, da shigar da ta sa na riƙa karkatar da hankalin yara. Ƙasar tana da gidan caca a tsaunin Genting. Tsohon firaministansu Najib Razak ya shiga kurkuku a 2022 a kan dukiyar al'umma. Wani mai kanti kuma, da ya ji daga inda muka fito, fuskarsa ta canza, ya riƙa bin mu da ido har muka fita. Abin ya sosa mini rai, kuma sai da na zauna na yi wa yara bayanin cewa wasu da suka riga mu zuwa ne suka ɓata rawarsu da tsalle, mu kuma muke biyan bashin da ba mu ci ba, ko da yake hakan bai wanke mai kantin daga zalunci ba.

(Af, da yake an zo nan: labarin da ake yawan bayarwa cewa daga Najeriya suka ɗebi irin kwakwar manja bayan mun sami 'yanci, mu daina yaɗa shi. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, gaskiya, amma tun 1917 suka fara nomansa don kasuwanci a jihar Selangor.)

Ban ce Baffa ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Wanda bai sauke farali ba alhali yana da iko, ko wanda bashi ke wuyansa, ko wanda iyayensa ke cikin bukata, ba shi da hujjar yawon buɗe ido. Haka wanda zai tafi don kawai a ga hotonsa a Facebook. Amma wanda ya fita waɗannan haƙƙoƙi, Alƙur'ani a wurare da dama ya yi kira da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba a yi tunani, kuma faranta wa iyali ta hanyar halal shi ma abin lada ne.

Da muka dawo na kai wa Baffa tsarabar hula songkok, na kuma ba shi labarin Tabung Haji, asusun da suka kafa a 1963 bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Aziz, bayan ya lura talakawan ƙauye na sayar da gona da dabbobi don zuwa Hajji su dawo hannu rabbana. Mutum ya riƙa tara kaɗan-kaɗan, ana juya kuɗin ta hanyar halal har su kai. Mu sai a 2020 hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar da irinsa. Baffa ya juya hular a hannunsa, ya gwada ta, ta yi masa kaɗan. Sannan ya kira yaron ya ce, "Zo nan, kai da aka ce ka ƙi salla. Nuna mini a taswirar nan inda kuka je."