Ruwa Ba Ya Tsami Banza: A Auna Kafin a Sauya Injin Rijiya

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko a watan Afrilu, ƙorafi ɗaya ne ya fi yawa a bakin masu rijiyar burtsatse a Gidan Kwano da sauran garuruwan da ke kan hanyar Minna zuwa Bida: ruwa ya daina zuwa da ƙarfi. Tankin da aka saba cikawa cikin awa guda ya koma cin awa uku. Famfon tsakar gida ya koma tsiyaya. Kaji na haki, kifi na jiran canjin ruwa, alayyafo da kuɓewar bayan gida suna yaushi. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara, ya ce inji ya gaji, a sayo wanda ya fi shi ƙarfi. Idan hakan bai yi ba, sai a fara neman masu haƙa sabuwar rijiya.

Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ta fi jawo asara fiye da gyara. Raunin ruwa alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma dalilansa suna da yawa. Wanda ya sayi magani kafin ya san ciwo, sau da yawa sai ya rasa kuɗi, ciwon kuma ya ƙaru. Bokiti ɗaya da agogo da ɗan littafin rubutu sun isa su nuna maka inda matsalar take kafin ka kashe ko sisi.

Ka san ƙasar da ka haƙa

Minna da kewayenta suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake gani ya fito fili a duwatsun da ke zagaye da garin. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa a jikinsa. Ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsage-tsagen da ke ratsa shi. Saboda haka rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai: ɗaya ta dace da tsaga mai ruwa, ɗayar ta kuskure ta. Idan ka nausa wajen Bida ƙasar takan sauya zuwa dutsen yashi, wanda ya fi riƙe ruwa. Kuskure ne mutumin Gidan Kwano ya riƙa kwatanta rijiyarsa da ta ɗan'uwansa na Bida.

Ruwan da ke cikin waɗannan tsage-tsage ajiya ce da damina take yi daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan a yi ta ɗiba har bazara ba tare da ƙari ba. Masu ɗibar kuwa kullum ƙaruwa suke yi. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna a shekarar 1983, kuma tun da babban mazauninta ya kafu a Gidan Kwano, gidajen kwanan ɗalibai da shaguna suka yi ta bazuwa a inda da can gonaki ne. Da yawansu suna da rijiyar burtsatse ta kansu. Ƙwarya ɗaya ce, ludaya ne suka yi yawa.

Tambaya ta farko: tanki ne ko rijiya?

Ruwan gidanka yana yin tafiya biyu: daga rijiya zuwa tanki, sannan daga tanki zuwa famfo. Injin da ke cikin rijiya, wanda aka fi sani da sumo, tafiyar farko kaɗai yake yi. Idan tanki yana cika a lokacin da ya saba amma famfo ya yi rauni, to ka bar sumo a inda yake, ba shi da laifi.

Ƙarfin ruwa a famfo ya dogara ne da tsayin ruwan tanki a saman famfon. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i. Tankin da aka ɗora a kan bulo mai tsayin mita 2 ba zai taɓa ba ka ƙarfin wanda ke kan hasumiya mai mita 6 ba, kuma girman tankin ba ya sauya wannan lissafi. Bayan tsayi sai kaurin bututu. Bakin bututu mai inci 1 ya ninka na rabin inci sau huɗu. Wanda ya ja bututun rabin inci daga tanki har ɗakin kaji, mita 50 ko fiye, ya shaƙe ruwan da hannunsa. Haka nan duk famfon da aka ƙara a kan tsohon layi, rabon ruwan ake ƙara yi.

Daga nan ka duba ƙananan abubuwa. Ka tabbata makullin da ke gindin tanki a buɗe yake gaba ɗaya. Ka kwance kan famfo ka ga ko yashi ya toshe rariyarsa. Idan bututunka na ƙarfe ne kuma ya daɗe, tsatsa tana cika cikinsa har hanyar ta ƙuntata. Idan tanki ya taɓa ƙarewa ƙaf, iska tana iya maƙalewa a layin; buɗe dukkan famfuna tare yakan fitar da ita. Don gano yoyo, ka cika tanki da yamma, ka sa alama a bakin ruwan, ka rufe kowane famfo, ka duba da asuba. Idan ruwa ya sauka, akwai inda yake zurarewa. Ciyawar da ta yi kore shar a tsakiyar rani a kan layin bututu takan tona asirin wurin.

Tambaya ta biyu: inji ne ko ruwan ƙasa?

Idan cika tanki ne ya koma jinkiri, ga gwajin da muke so kowane mai rijiya ya iya. Da sassafe, bayan rijiya ta kwana ba a taɓa ta ba, ka kunna inji ka tara bokiti mai lita 20 a bakin bututu, ka duba daƙiƙa nawa ya ɗauka ya cika. Idan ya cika cikin daƙiƙa 40, rijiyarka tana ba ka lita 1,800 a awa. Ka sake gwadawa bayan minti 10, sannan bayan minti 30. Ka rubuta duka ukun.

Idan ruwa ya fito da rauni tun daga farko kuma ya ci gaba a haka ba sauyi, zargi ya koma kan inji da kayansa. Fara da wuta. Sumo ba ya juyawa yadda ya kamata idan wutar lantarki ta yi ƙasa da 220 ɗin da aka ƙera shi dominta, ko janareto ya yi masa kaɗan, ko wayar da aka ja masa ta yi siriri ga nisan. Mai amfani da hasken rana ya goge ƙurar hunturu daga faifansa kafin ya zargi kowa. Bayan wuta sai akwatin kunna inji, wanda ƙaramin abu a cikinsa kan lalace a sauya shi da kuɗi kaɗan. Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a ciro inji a duba ko bututun da ke ɗauke da shi ya tsage, ko laka ta toshe rariyarsa, ko yashi ya cinye farfelarsa.

Amma idan ruwa ya fito da ƙarfi da farko, bayan 'yan mintuna ya ragu, ya fara tari yana tofar da iska, sannan ya dawo bayan an huta awa guda, to injinka lafiya lau yake. Rijiyar ce ba ta iya biyan abin da yake nema. A nan ne babban kuskuren yake faruwa, domin a nan ne mutane suke sayen inji mafi ƙarfi.

Bari mu yi misali da lissafi. Bututun rijiya mai inci 5 yana riƙe kimanin lita 12 a kowace mita. Idan akwai ruwa mita 20 a saman inji, ajiyar ta kai wajen lita 250. A ce ƙasa tana zubo wa rijiyar lita 600 a awa, kai kuma ka saka injin da ke zuƙar lita 3,000 a awa. Cikin minti shida ko bakwai ajiyar ta ƙare, inji ya koma zuƙar iska. Ruwan da ke ratsa jikin sumo shi ne yake sanyaya shi. Da zarar ya bushe sai ya yi zafi, in aka ci gaba ya ƙone. Zuƙa mai ƙarfi kuma tana jawo yashi da laka cikin rijiya. Amma wannan rijiya ɗin dai, idan aka bi ta a hankali a kan lita 600 na tsawon awa takwas, za ta ba ka lita 4,800 a yini, wanda ya ishi gida da kaji da ɗan lambu.

Maganin rijiya mai ƙarancin ruwa ke nan: a rage buɗin makullin da ke bakin rijiya har ruwa ya riƙa fita ba yankewa, ko a sauya inji da ƙarami, a riƙa ɗiba kashi-kashi, safe da yamma da dare, a sa kuɗin a ƙarin tanki, a kuma sanya na'urar da ke kashe inji idan ruwa ya ƙare. Idan akwai sauran zurfi ana iya ƙara saukar da inji, amma kada ya zauna a gindin rijiya inda laka take taruwa. Tsohuwar rijiyar da ta fara kawo yashi ko jan ruwa mai tsatsa tana iya buƙatar wanki da iskar kwamfuresa, kuma kuɗin wanki bai kama ƙafar na sabon haƙa ba.

Ga mai lambu a fadama

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya tare da tallafin Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur, manoman rani suka saba da injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa. Irin wannan inji yana da iyakar da babu makanikin da zai iya ƙetarewa: da wuya ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa. Idan ruwan fadama ya sauka a watan Maris, ƙara wa inji wuta ɓarnar fetur ce kawai. Abin yi shi ne a haƙa rami mai faɗi a gefen bututun, mita ɗaya ko biyu, a saukar da injin kusa da ruwa. A kuma duba mesar zuƙa, domin ɗan hujin da iska ke shiga ya isa ya kashe ƙarfin ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awar da inji ya yi yana zuƙar iska daga ribar manomi take fita.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada a shiga rijiyar haƙa ko rami mai zurfi tare da inji ko janareto a kunne. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, yana kuma kisa ba tare da mutum ya farga ba. Kada kuma a taɓa wayar sumo sai an kashe wuta.

Ga masu ja da wannan magana

Wani zai ce akwai rijiyar da ta ƙafe da gaske, akwai kuma injin da ya mutu da gaske. Gaskiya ne, kuma gwajin bokiti ne zai tabbatar da hakan. Idan ya nuna babu makawa sai sabon haƙa, to kada a maimaita kuskuren farko. A sa masana su auna ƙasa da na'ura kafin a zaɓi wuri. A nisanta rijiya aƙalla mita 30 daga salga da ramin ƙazanta. A karɓi takarda daga mai haƙa mai nuna zurfin rijiya, da inda aka sami ruwa, da yawan litar da take bayarwa a awa, sannan a sayi inji daidai da wannan adadi. Masana ba su yi mana nisa ba: jami'ar da ke Gidan Kwano tana da sashen nazarin duwatsu da albarkatun ƙasa, Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama tana da hedkwatarta a Minna, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna.

Wani kuma zai ce rijiyarsa ce, a filinsa take, yadda ya ga dama zai ɗiba. Filin naka ne, amma tsagar da ke kawo ruwan ba ta san shinge ba. Babban inji a gida ɗaya yana iya saukar da ruwan rijiyar maƙwabci, musamman mai ƙaramar rijiyar guga. Maƙwabtan da suka tsara lokutan ɗiba a tsakaninsu sun fi waɗanda kowa ke tseren zurfafa tasa.

Kira ga malamin gona

Malam, kai ne ka fi kowa kusa da manomi. Ka sa gwajin bokiti cikin abin da kake koyarwa a taron ƙungiyoyi, kamar yadda kake koyar da tazarar shuka. Ka sa kowane mai rijiya ya riƙa aunawa sau biyu a shekara, a Oktoba lokacin da ruwan ƙasa ya cika, da kuma a Maris lokacin da ya yi ƙasa, ya rubuta tare da kwanan wata. Adadin Maris shi ne zai gaya masa yawan kajin da zai zuba da faɗin lambun da zai buɗe, tun kafin ya sa kuɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san ƙarfin rijiyarsa tun da kaka, bazara ba za ta zo masa da bazata ba, kuma mai gyara ba zai sayar masa da abin da ba ya buƙata ba.